Mu Sa Maƙwabtanmu Kirista Cikin Addu'a

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san yadda ƙasa take sauyawa da zarar an kai Kwanar Ɗangora an karkata. Ga gonakin masara da rake na ƙasar Kiru, ga ruwan Tiga wanda ya raya Bebeji tun zamanin Gwamna Audu Bako, ga fadamun shinkafa na Tudun Wada, sa'an nan a faɗa dajin Falgore har a hango duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa. Abin da matafiyi bai cika lura da shi ba shi ne, can cikin ƙauyukan da ke nesa da kwalta akwai waɗansu 'yan gine-gine masu rufin kwano, da ɗan gicciye a bisa ƙofa. Masu shiga cikinsu ran Lahadi ba baƙi ba ne da suka zo cin kasuwa daga Kudu. Su Audu ne da Tanko da Ɗanjuma, da su Lami da Talatu. Da Hausa suke waƙa, da Hausa suke roƙo, kuma sunan da suke kiran Ubangiji da shi shi ne wanda mu ma muke kiransa da shi, watau Allah.

Maganar da nake so in yi da masu karatu yau ita ce, waɗannan mutane, tare da 'yan'uwansu na sauran sassan Arewa waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada, aka kashe wa dangi, aka ce su bar addininsu su tsira da rai suka ƙi, suna da hakkin addu'a a kanmu mu Musulmi da muke mafi rinjaye a jihar nan. Na san wannan magana za ta yi wa waɗansu nauyi a kunne. Amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci, domin hujjar ba daga Turai aka ɗauko ta ba. Tana cikin Littafin da muke karantawa a sallolinmu, tana kuma cikin tarihin ƙasarmu.

Su Wane Ne?

Yawancin Kiristocin kudancin Kano jikokin Maguzawa ne, watau Hausawan da suka tsaya kan al'adun kakanninsu bayan Musulunci ya kafu a birane. Lokacin da aka yi jihadi aka kafa daular Sakkwato, shugabannin jihadin ba su ɗora wa Maguzawa takobi a wuya don su musulunta ba. An karɓi jiziya a hannunsu, an bar su da gonakinsu da gidajensu cikin amanar Musulmi. Malaman da suka fi mu sanin shari'a su ne suka yi wannan tsari, kuma a kansa aka zauna shekara da shekaru. Daga baya, musamman cikin ƙarnin da ya wuce, da yawa daga cikin Maguzawa suka musulunta, waɗansu kuma suka bi 'yan mishan suka zama Kirista. Shi ya sa za ka tarar da gida ɗaya, wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa coci, ga kuma wani tsoho a zaure wanda bai bi kowa ba. Akwai irin waɗannan jama'a a wurare kamar Nasarawar Kuki ta ƙasar Bebeji, kuma a Bari ta ƙasar Rogo har ɗarikar Angilikan tana da bishop nata. Suna da ƙungiyar da suke kira Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, wadda ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari masu bin addinin Kirista.

Ma'aikaci ko ɗalibin da ya karanta tarihin Arewa ya san irin hidimar da Kiristoci 'yan ƙasa suka yi mata. Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya tashi a Wusasa, shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Furofesa Ishaya Audu ya yi wa Sardauna aikin likita, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama Ministan Harkokin Waje. Ba wanda ya tambayi waɗannan bayin Allah daga ina suka zo, domin kowa ya san nan ne gida. Haka nan manomin Kuki ko na Falgore ba shi da wani gari da za a ce ya koma. Idan wuta ta tashi a Sabon Gari, ɗan kasuwar da ya zo daga nesa yana iya ɗaure kayansa ya shiga mota. Shi kuwa Bahaushen Kirista, kabarin kakansa yana bayan gidansa.

Abin Da Ya Faru

Ran Jumma'a 28 ga watan Satumba, 2007, cikin watan azumi, magana ta tashi a makarantar sakandare ta gwamnati da ke Tudun Wadan Ɗankadai, wai wani ɗalibi Kirista ya yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɗaliban da aka zarga sun musanta. Ba a tsaya an bincika ba, ba a kai magana gaban alƙali ba. Daga makaranta abin ya fantsama cikin gari, kafin ƙura ta lafa an kashe aƙalla mutum 9, an ji wa da yawa rauni, an ƙone coci-coci da gidaje da kantuna, ɗaruruwan mutane sun gudu sun bar abin da suka mallaka. Yawancin waɗanda abin ya ci ba su taɓa ganin zanen da ake magana ba, waɗansu ma ba su ji labarinsa ba sai da suka ga hayaƙi. Duk da haka addinin Kirista bai ƙare a kudancin Kano ba. Masu shi sun binne matattunsu, sun ci gaba da ibadarsu.

Bayan wannan sai ga fitinar Boko Haram, wadda ta zo da yaƙi sosai. Ran 20 ga Janairu, 2012, aka kai wa birnin Kano hari aka kashe mutum fiye da 180. Ran 29 ga Afrilu na wannan shekara aka buɗe wa Kiristoci wuta suna cikin ibada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, cikin waɗanda suka rasu har da furofesoshi 2. A gabashin ƙasar kuwa abin ya fi muni. Cikin 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, kuma a shekarar nan ce mayaƙa suka mamaye hedkwatar wannan ɗarika a Kwarhi. Ran 19 ga Fabrairu, 2018, aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe. Bayan wata guda aka sako waɗanda suka rayu, sai yarinya ɗaya, Leah Sharibu, mai shekara 14. Ƙawayenta da suka dawo, Musulmi, su ne suka ba da labarin cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. A watan Janairu na 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Michika a Jihar Adamawa, aka nuna shi a hoton bidiyo yana magana cikin natsuwa yana miƙa al'amarinsa ga Allah, bayan 'yan kwanaki aka yanka shi.

Ba na kawo wannan lissafi don in tayar da mikin da ya fara warkewa ba. Na kawo shi ne don mu san cewa idan an ce mutum ya riƙe addininsa cikin tsanani, ba labarin zamanin da ba ne, kuma ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Mai karatu ya tambayi kansa tsakani da Allah: da 'yarsa ce mai shekara 14 ta faɗa hannun waɗansu masu bindiga, aka ce ta bar kalmar shahada a mayar da ita wurin uwarta, ta ƙi, yaya zai kira ta? Ai da an sa sunanta cikin waƙa, an raɗa wa jarirai.

Hujja Daga Gida

Kowane ɗan makarantar allo ya haddace Suratul Buruj tun yana ƙarami, domin tana cikin izufi na biyu da ake biya wa yara. A cikinta Allah Ya ba da labarin mutanen rami, waɗanda aka haƙa wa ramuka aka hura wuta aka jefa su ciki ba don wani laifi ba sai don sun yi imani. Da yawa daga malaman tafsiri da na tarihi sun ce waɗannan mutanen Najran ne, garin da yake kudancin Saudiyya a yau, mabiya Annabi Isa, waɗanda sarki Zu Nuwas na Yaman ya ƙone wajen shekara ta 523, kafin haihuwar Manzon Allah. Wani zai ce ai waɗannan muminai ne na zamaninsu, tun ba a aiko Annabin ƙarshe ba. Haka ne, ba musu. Amma a dubi abin da surar ta la'anta: hura wa mutum wuta don a raba shi da abin da ya yi imani da shi. Kuma ba masu hura wutar kaɗai surar ta ambata ba, ta bayyana su zaune a gefen rami suna kallon abin da ake yi. Wanda ya karanta wannan sura da asuba, sa'an nan da hantsi ya tsaya yana kallo ana cinna wa gidan maƙwabcinsa wuta bai ce uffan ba, sai ya duba da kyau a wane gefen ramin yake.

Ba nan kaɗai ba. Lokacin da Kuraishawa suka tsananta wa Musulmi a Makka, wajen shekara ta 615, ƙasar Habasha Manzon Allah ya tura sahabbansa, wurin Najjashi, sarkin Kirista, domin ba a zaluntar kowa a wurinsa. Kuraishawa suka aika da kyautai don a mayar musu da su, sarkin ya ƙi. Farkon mafakar da Musulunci ya samu a duniya a nahiyarmu ta Afirka ce, kuma a inuwar Kirista. Wannan bashi ne, kuma mu Hausawa mun san alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Haka kuma lokacin da Farisa masu bautar wuta suka rinjayi Rumawa Kirista, Musulmin Makka baƙin ciki suka yi, har Suratur Rum ta sauka tana yi musu bushara cewa Rumawa za su sake yin nasara. A Suratul Hajji, inda aka fara yi wa Musulmi izinin kare kansu, an ambaci ɗakunan ibadar Kirista da na Yahudu tare da masallatai cikin wuraren da ake tsare wa rushewa. A Suratul Baƙara an hana tilastawa cikin addini. Kuma ya tabbata cikin ingantaccen hadisi cewa wanda ya kashe mutumin da ke cikin amanar Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba.

Waɗanda suka fahimci wannan sun aikata shi a zamani daban daban. Cikin 1860, da rikici ya ɓarke a birnin Dimashƙa aka shiga kashe Kiristoci, Amir Abdulƙadir na Aljeriya, mutumin da ya yi shekaru yana yaƙar Faransa, shi ne ya fito da mutanensa ya tattara dubban Kiristoci ya tsare su. A nan gida kuma, ran 23 ga Yuni, 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, cikin masallacinsa da gidansa. Maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya ce sai dai a fara da shi. Babu wanda zai ce Amir Abdulƙadir ko wannan limami sun raunana addininsu da abin da suka yi. Ƙarfin addinin ne ya sa su.

Amsar Masu Tambaya

Tambaya ta farko da za a yi ita ce, shin ya halatta Musulmi ya yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a? Wannan fage ne na malamai, kuma sun daɗe da bayyana shi. Abin da aka hana shi ne nema wa wanda ya mutu ba a kan Musulunci ba gafara. Amma roƙa wa rayayye shiriya, da lafiya, da tsari daga zalunci, da sauƙi cikin ƙunci, wannan ƙofa a buɗe take. Manzon Allah ya roƙa wa ƙabilar Dausu shiriya a lokacin da aka nemi ya yi musu mummunar addu'a. Ya roƙa wa Kuraishawa ruwa da fari ya kama su, alhali suna gaba da shi. Saboda haka wanda ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya tsare Tanko da iyalinsa daga sharrin masu ƙone-ƙone, Allah Ya mayar da Leah wurin uwarta, bai shaida cewa aƙidarsu daidai take ba, kuma bai rage kome daga tasa ba. Saɓanin da ke tsakaninmu da su a kan Annabi Isa yana nan daram, kowa ya san matsayinsa, kuma Allah ne zai yi hukunci ran gobe. Abin da aka ɗora mana a yau shi ne adalci da maƙwabtaka.

Tambaya ta biyu ta fi zafi. Za a ce, mu fa? Wa ya yi wa Musulmin Yelwan Shendam addu'a cikin 2004, ko na Zonkwa cikin 2011? Wa ya yi kukan matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba ta Jos cikin Agusta, 2021, ko mafarauta 16 'yan jihar nan da aka kashe aka ƙone a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris, 2025? Wannan tambaya gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san ciwon mutanensa ba. Musulmi sun sha wuya a ƙasar nan, kuma Boko Haram kanta ta hallaka Musulmi masu ɗimbin yawa. Hannun da ya buɗe wa Kiristoci wuta a Jami'ar Bayero irinsa ne ya kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari cikin Janairu, 2013, irinsa ne kuma ya tayar da bam a Babban Masallacin Jumma'a na Kano ran 28 ga Nuwamba, 2014, inda mutum fiye da 100 suka rasu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Amma ina wannan tambaya take kai mu? Idan mun ji zafin abin da aka yi wa mafarautanmu a Uromi, dalilin zafin shi ne an kashe su a kan zato, ba bincike, ba alƙali, don kawai su 'yan tsiraru ne a wurin da ba su da mai tsaya musu. To, wannan shi ne ainihin abin da aka yi a Tudun Wada cikin 2007. Wanda ya ɗanɗani ɗacin abu shi ya fi cancanta ya ƙi ɗura wa wani. Kuma manomin Doguwa bai san hanyar Uromi ba balle a ce shi zai biya bashin jinin da aka zubar can. Muna da 'yan'uwa da yawa da suke zaune 'yan tsiraru a Kudu da tsakiyar ƙasa, masu sayar da albasa da shanu, masu gadi da masu sana'ar hannu. Babu garkuwar da za mu ba su wadda ta fi a san cewa a Kano ba a taɓa ɗan tsiraru.

Akwai kuma wani abu. A ƙarshen watan Oktoba na 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini a cikinsu, mutanenmu da yawa suka fusata, suka ce an faɗi rabin gaskiya an bar rabi. Lalle an bar rabi. Amma idan mai gida ya yi shiru a kan ɓarakar da ke bangonsa, kada ya yi mamaki in na waje ya zo yana auna ta da nasa ma'auni, da nasa nufi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan Kiristan Bebeji ya ji limamin garinsu yana sa shi cikin addu'a ran Jumma'a, ba zai ɗaga kai yana jiran ceto daga hayin teku ba.

Amin Da Hannu

Sai dai kuma addu'ar da ta tsaya a baki, hannu yana warware ta, wasa ce da Ubangiji. A nan ne magana ta zo kan masu karanta wannan shafi, watau ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta.

Kai ma'aikaci, ba kullum ne tsanani yake zuwa da wuta da adda ba. Wani lokaci cikin fayil yake zuwa. Hausawa Kirista sun daɗe suna kuka a kan waɗansu abubuwa: wahalar samun takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma idan an ga sunan mutum Bulus ko Yohanna, wahalar samun fili ko izinin sake gina cocin da aka ƙone, rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da tsallake ƙauyukansu wajen rabon taki da rijiyoyi da ɗaukar aiki. Ko duka kukan nan gaskiya ne ko wani sashe, kowane ma'aikaci ya san abin da yake wucewa ta teburinsa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa, sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addini. Albashin da kake karɓa akwai harajin Tanko a ciki. Idan takardarsa ta zo gabanka cikakkiya, sa hannu ka wuce da ita kamar ta kowa. Wannan sa hannun shi ne amin ɗinka.

Haka nan ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙali. Cikin Yuni, 2016, aka kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa, Bridget Agbahime, a kasuwar Ƙofar Wambai bisa zargin ɓatanci, kafin shekarar ta ƙare an sallami mutum 5 da aka gurfanar a kan kisan. Duk lokacin da jini ya zuba ba a ga wanda aka hukunta ba, an koya wa na baya cewa hanya a buɗe take. Hukuma ita ce uwar marayu, kuma ɗan tsiraru ba shi da wata gata sai ita.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura da wani abu mai ban tsoro. Rikicin Kafanchan na 1987 a kwalejin horon malamai ya fara. Na Tudun Wada a makarantar sakandare ya fara. Kisan Deborah Samuel a Sakkwato cikin Mayu, 2022, a kwalejin horon malamai aka yi shi. Wurin da aka gina don a koyi bincike da auna magana shi ne ya zama bakin murhu. Ba wanda yake shakkar ƙaunar da muke yi wa Manzon Allah, kuma ba wanda ya ce a ƙyale ɓatanci. Amma shari'ar da ya zo da ita tana da alƙali, tana da shaidu, tana ba wanda ake zargi dama ya kare kansa, kuma ba ta kama ɗan'uwa da laifin ɗan'uwansa. Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari kafin mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. A da sai jita-jita ta yi tafiyar ƙafa daga aji zuwa kasuwa. Yanzu kuwa wayar da ke aljihunka tana iya kai ta ƙananan hukumomi 44 na jihar nan kafin a tashi daga darasi. Idan magana irin wannan ta iso gare ka, kai ta wurin shugaban makaranta ko limami mai hankali, kada ka tura ta gaba. Kuma idan ka ga ana bin abokin karatunka da gudu, ka tuna da tsohon nan na Nghar Yelwa.

An taɓa ganin irin wannan hali a Kano. Cikin Janairu, 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu har suka idar da sallah, Musulmi kuma suka ziyarci coci-coci don kwantar wa masu ibada hankali. Matasa ne suka yi wannan, ba wani ya biya su ba.

Su ma 'yan'uwanmu Kirista akwai nasu rabo. Littafinsu ya umurce su da yi wa masu tsananta musu addu'a, kuma da yawa cikinsu suna yi. Muna fata su sa marayun Zamfara da Katsina da Borno cikin roƙonsu, su kuma yi hattara da masu cin kasuwa da hawayensu, waɗanda ba su san inda Kiru take ba sai ran da aka sami gawar da za a ɗauki hoto.

Ina kira ga limamanmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan sun zo addu'ar zaman lafiya a ƙarshen huɗuba, su ambaci maƙwabtan nan a fili, yara su ji da kunnensu. Yaron da ya ce amin ga addu'ar tsare gidan Tanko ran Jumma'a, da wuya a ba shi ashana ran Asabar ya karɓa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma su riƙa kiran shugabannin coci cikin shawarar gari tun ana zaune lafiya, kada a jira sai ran da ake neman wanda zai sa hannu a takardar sulhu.

Allah Ya tsare duk wanda ake zalunta a ƙasar nan, Musulmi ne ko Kirista. Allah Ya mayar da waɗanda ke hannun 'yan bindiga wurin iyayensu, Ya ba waɗanda suka rasa nasu haƙuri, Ya shirye mu baki ɗaya zuwa ga abin da Yake so. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Jihar Kano da Nijeriya lafiya, amin.